Yadda Za Ki Zaɓi Manhajar Lissafi Ba Tare da An Gano Inda Dambu Yake Tafiya Ba

Baiwar Allah, gyara zama. In dai kina da ɗan kamfaninki, kina da abokiyar jari mai son lissafi, kuma akwai abin da kike yi da haja wanda ba kya so ta sani, to kin zo inda za a share miki hawaye. Matakan nan ba daga littafin Turawa na kwaso su ba. A nan Suleja aka gwada su, a kan mace mai rai, kuma na ba ki tabbaci ɗari bisa ɗari cewa in kika bi su yadda na tsara za ki ga sakamako. Ban dai ce wane iri ba.

Matar da aka yi gwajin a kanta sunanta Hamdiyya, 'yar Gusau. Aikin mijinta Faruk ne ya kawo su: shi yana yini a Abuja, iyali suna haya a Suleja, kamar sauran bayin Allah da tsadar ɗaki ta koro. Ta zo garin ba ta san kowa ba, sai dai Allah ya ba ta hannun dambun nama. Maƙwabciyarta Chinelo, wadda a Suleja aka yanke mata cibiya, Hausa a bakinta rangaɗaɗau, ta ɗanɗana sau ɗaya ta ce, "Maman Muhsin, ai kuɗi ne kike barbaɗawa a kan shinkafa." Suka haɗa jari rabi da rabi, suka yi wa kamfani rajista. Madafa tana bayan gidan da Hamdiyya take haya, Chinelo ke ɗaukar robobi zuwa shaguna, sannan suka ɗauki Inna Yalwa, wata dattijuwa daga Garam, tana daka tana suya.

Matsalar ɗaya ce, kuma tana manne a kafaɗar Hamdiyya: hannunta. Ba ta iya ganin baƙo ya fita hannu rabbana. In maƙwabciya ta aiko da kwanon tuwo, ba a mayar da kwano wayam, sai roba guda ta bi shi. Mai jego, roba. Mai zuwa sannu da ciwon kai, roba. A ganinta ba ɓarna take yi ba, zumunci take yi, kuma ba ƙarya ta yi ba: da dambun nan ta yi dangi a garin da ba ta da kowa. Ranar da zazzaɓi ya sheme ɗanta Muhsin, Faruk yana maƙale a gosulon Madalla, matan unguwa ne suka sungumi yaron zuwa asibiti. Wannan ba ta manta da shi ba. Abin da take mantawa shi ne rabin kowace roba na Chinelo ne.

Ana nan sai wani babban shago a Abuja ya ce zai riƙa karɓar kayansu da yawa, amma sai ya ga takardun haraji. Akanta ya ce musu ƙaramin kamfani ko bai kai a karɓi harajin riba a hannunsa ba, dole ya miƙa bayanan shekara, kuma bayanan sai an nuna abin da ya shigo da abin da ya fita. Chinelo ta ce ai sai a nemi manhajar lissafi a waya. Hamdiyya ta tuna robobin da take rabarwa. Daga nan darasinmu ya fara.

Mataki na 1: Ki fi kowa zaƙewa

Kada ki kuskura ki ce ba kya so. Duk wadda ta nuna tana gudun lissafi, a kanta ake fara shi. Da Chinelo ta rufe baki, Hamdiyya har tafa hannu ta yi.

"Maman Ifunanya, riga ni kawai kika yi a baki. Ni da na daɗe ina cewa harkar nan sai da tsari!"

Ba ta taɓa cewa ba, ko a mafarki. Amma ta ɗora da cewa, "Ki bar min zaɓen, ke ki ji da hanya." Chinelo, wadda take yini a motar haya da katan a cinya, ta ji daɗi har ta rungume ta. Ki riƙe wannan a matsayin ginshiƙi: wadda aka damƙa wa zaɓe, ita aka damƙa wa jan ƙafa.

Mataki na 2: Ki nemi shawarar duk wanda bai sani ba

Wanda ya sani zai ba ki amsa, amsa kuwa ita ce abokiyar gabarki. Ki fara da maigida, a lokacin da ya dawo a gajiye yana cire takalmi. Faruk ya ce a sayi irin wadda ake amfani da ita a ofishinsu, wadda sai an ware mata ɗaki guda da ma'aikata masu rataye da katin shaida. Madalla da wannan shawara, domin ba za ta yiwu ba.

Daga nan ki tambayi mai cajin waya na bakin layi. Ki tambayi mai ɗinki. Sannan ki jefa tambayar a guruf ɗin matan unguwa, ki koma gefe. Wata za ta turo addu'ar buɗi, wata za ta turo yadda ake cincin, wata kuma za ta turo murya mai tsawo tana rantsuwa cewa irin manhajojin nan da kansu suke kai rahoton mutum wajen masu haraji, gwamnati tana ganin komai. Wannan ta ƙarshen ita ce zinariya. Hamdiyya ta kwashe ta da zafinta ta kai wa Chinelo.

"Kin ji fa, wai gwamnati za ta riƙa ganin komai namu."

"Abeg, ai don su gani muke yi," in ji Chinelo.

Ba kowane jifa ke samu ba. Ki haɗiye, ki wuce gaba.

Mataki na 3: Ki gwada kowace, ki kushe kowace

Masu manhaja mutanen kirki ne, suna ba da gwaji kyauta na ɗan lokaci. Ki sauke su ɗaya bayan ɗaya har waya ta fara nishi. A farko ki yi amfani da aibu na gaskiya, domin suna nan birjik. Wannan da dala ake biyanta duk wata, wa ya ga dala? Waccan ba ta motsi sai da sabis, alhali a bayan gidan Hamdiyya sai an hau kan turmi ake samun sanda ɗaya. Wata ba ta fitar da takardar riba da faɗuwa yadda akanta yake so. Wata mutum ɗaya kawai ke iya shiga, su kuwa su biyu ne. Har nan Hamdiyya tana kan gaskiya, Chinelo ma tana yaba mata da sa ido.

Wahalar ita ce aibu na gaskiya suna ƙarewa. In sun ƙare kada ki tsaya. Hamdiyya ta kori wata saboda launinta yana sa mata hawaye. Ta kori wata don ta tambaye ta shekarar haihuwa, ita kuwa ba sa'arta ba ce. Akwai wadda ta ce haka kawai jininsu bai haɗu ba.

Ainihin laifinsu kuwa iri ɗaya ne, kuma ba ya faɗuwa. Duk mai kyau a cikinsu tana ƙirga haja. Ta tambaye ki roba nawa aka cika, ta tambaye ki nawa aka sayar, sannan ta zuba miki ido tana jiran ki ce ina sauran.

Mataki na 4: Ki yi tambayarki da sunan wata ƙawa

Ranar da haƙurin abokiyar jari zai ƙare tana zuwa. Chinelo ta gaji da jira, mai shagon Abuja yana ta kira, sai ga ta da wani Kayode, ɗan cocinsu, mai tallar wata manhaja. Abin takaici, ba ta da aibu. Da naira ake biya, tana aiki ko babu sabis, mutum biyu na shiga, kuma a ƙarshen shekara tana fitar da duk abin da akanta zai sa wa hannu a kai wa masu haraji. Launinta ma fari ne sol, babu abin kamawa.

A nan sai dabara. Hamdiyya ta bari Chinelo ta fita amsa waya, ta miƙa wa Kayode zoɓo mai sanyi, ta rage murya.

"Malam Kayode, wata ƙawata ce take tambaya. A ce mutum ya ba wani kaya, ba sayarwa ba, haka nan dai don Allah. A ina ake sa shi?"

"Na promo, Madam? Talla?"

"A'a. Kamar dai matar mai gidan haya."

"Za ta kawo kastoma?"

"Ita ko ta sisi ba ta taɓa saye ba."

Kayode ya sosa ƙeya. "To ki ce wa friend ɗinki, wannan sunansa mai kamfani ya ɗiba don kansa. Daga rabonta za a cire. Kuma e go show a wayar partner ɗinta."

"Babu wadda ba ta nunawa?"

"Madam, wadda ba ta nunawa akanta ba zai sa mata hannu ba."

Hamdiyya ta yi masa godiya a madadin ƙawar. Da ya tashi tafiya ta bi shi har ƙofa da roba guda a leda. Ya tako gidanta karon farko, ai ba zai fita haka ba.

Mataki na 5: Ki ɗora wa wuta laifi

Chinelo ta biya, manhaja ta fara aiki, giɓi ya fara leƙowa da jan rubutu. Kada ki firgita, kimiyya tana bayanki. Kowa ya san nama yana tsukewa a wuta. Hamdiyya ta zaunar da Chinelo ta yi mata lacca a kan shanun damina da namansu duk ruwa ne, da mahautan da ba sa tsoron Allah, da yadda abin da ya cika tukunya yake komawa ɗan tsibi a kasko. Duk gaskiya ne, kuma gaskiyar da ba ta shafi tambaya ba ta fi ƙarya amfani nesa ba kusa ba.

Washegari Chinelo ta zo da sikeli. Ta ce daga yau bayan suya za a riƙa aunawa, wuta ta gama cin nata tukuna.

In an toshe miki wuta, ki koma kan ɓera.

"Wane irin ɓera ne yake tafiya da roba har da murfinta?" in ji Chinelo.

In an toshe ɓera, ki ce manhajar ce ba ta iya ƙirga ba. Aka kira Kayode, ya danna nan ya danna can, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya dubi Hamdiyya kamar zai yi magana, ya tuna dambu, ya ce yana da wani kastoma a Zuma.

Mataki na 6: Ki yi yunƙurin dainawa, don dai a ce kin yi

Wasu marasa ƙwarewa za su ce miki ai abin mai sauƙi ne, ki daina bayarwa kawai. Waɗannan ba su taɓa zama a gidan haya ba. Amma ki gwada, yana da kyau ga zuciya.

Hamdiyya ta gwada. Ta tsara kalmominta tun tana shara: Hajiya, ki yi haƙuri, kayan kamfani ne. Ta maimaita har suka zauna a baki. Da hantsi sai ga sallamar Hajiya Mansura, matar mai gidan, wadda hancinta bai taɓa kuskure ranar suya ba.

"Maman Muhsin, yau ƙamshin nan har uwar ɗakina! Na ce bari in leƙo in yi miki sannu da wuta. Dama 'yar wajena gobe za ta koma makaranta Minna, kin san abincin makaranta."

Hamdiyya ta ja numfashi, ta buɗe baki, ta ji kanta tana cewa, "Guda ɗaya za ta ishe ta kuwa, Hajiya?"

Ba sakarci ba ne, tsoro ne. Tana tsoron a ce ta samu kamfani ta canza. Tana tsoron ranar da za a daina yi mata sallama ta koma baƙuwar da take a da, mai zama ita kaɗai daga fitar miji har dawowarsa. Inna Yalwa tana bakin turmi duk abin nan. Ta ɗaga ido ta ga robobi biyu sun shige ƙarƙashin mayafin Hajiya, ta mayar da ido ta ci gaba da dakanta.

Mataki na 7: In zargi ya nufi wani, ki ce "hmm"

Wannan shi ne matakin da ke raba ƙwararru da 'yan koyo, kuma ba na jin daɗin koyar da shi, amma aiki aiki ne.

Wata rana Chinelo ta zauna a bakin gadon Hamdiyya, fuska ba walwala. Kuɗin shagonta na kayan miya ta zuba a harkar nan, jan rubutun yana hana ta sukuni.

"Mu uku ne muke taɓa kayan nan. Ni na san ban ɗauka ba. Ke kuma naki ne, mutum ba zai saci nasa ba. I no like am, amma saura mutum ɗaya."

Kin ga yadda Allah yake kawo mafita? Ba a ce ki yi ƙarya ba. Ba a ce ki ambaci sunan kowa ba. Hamdiyya ta dubi ƙasa ta ce, "Hmm."

To duk yamma Inna Yalwa takan tafi da wata baƙar leda a jakarta, ɓarɓashin ƙasan kasko ne da Hamdiyya take ba ta don jikoki. Chinelo ta sha hango ledar, ba ta san abin da ke ciki ba. Bayan la'asar ɗin wata rana, mata suna zaune a ƙofar gida ana shan iska, dattijuwar ta fito za ta nemi motar Garam, Chinelo ta tare ta.

"Mama, abeg ki yi haƙuri. Ki buɗe min jakar nan in gani."

Inna Yalwa ba ta dubi Chinelo ba, Hamdiyya ta duba. Ita kuwa a daidai lokacin wani saƙo mai muhimmanci ya shigo wayarta, irin wanda sai an sunkuya sosai ake karanta shi.

Dattijuwar ta durƙusa ta zazzage jakar a ƙasa. Carbi, kwalbar man zafi, kuɗin mota a ƙulle a gefen ɗankwali, sai ledar ɓarɓashi, rabinsa ƙonanne. Chinelo ta rasa inda za ta sa fuskarta. Hajiya Mansura ce ta cece ta, ta ce a hankali amma yadda kowa zai ji, "Yau dai ba a ɗauka ba ke nan. Mutanen yanzu sai addu'a." Matan da ke wurin suka girgiza kai, kuma babu guda a cikinsu da ba ta san ɗanɗanon dambun ba.

Inna Yalwa ta mayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta bar ledar a ƙasa. Ta ce, "Sai da safenku." Safiya ta yi, ba ta zo ba, ta bayanta ma haka.

In kin kawo nan kin yi nasara. Asirinki a rufe yake. In abinci ya ƙi wuce miki maƙogwaro kamar yadda ya ƙi wuce wa Hamdiyya, ki sha ruwa.

Mataki na 8: Ko za a yi me, kada ki karɓi wayar

Lokacin miƙa bayanan shekara ya matso, akanta ya ce giɓin nan ba zai tafi haka ba suna, sai an faɗi abin da ya ci shi. Manhajar, don rashin ta ido, zaɓi ta jera: kaya sun lalace, an sace, ko mai kamfani ya ɗiba. Chinelo ta danna "an sace". A gurbin ƙarin bayani ta rubuta sunan wadda ake zargi. Sai dai tunda su biyu ne masu kamfanin, abin ba ya shiga sai ɗayar ma ta amince.

Ta miƙo wayar. "Danna nan mu gama, mai shagon nan ya kusa ba wasu."

Ga shawarar ƙwararru: ki ce hannunki da mai. Ki ce idonki yana ciwo. Ki ce kin ɗora tukunya. Hamdiyya, duk horon da ta samu, ta miƙa hannu ta karɓa.

Ta ga sunan a rubuce, Yalwa, kusa da kalmar. Ta gane daga nan wajen akanta zai tafi, ya sa hannu ya buga hatimi, ya zauna a takardun kamfani har bayan ransu. Sunan matar da ko an nuna mata ba za ta iya karanta abin da aka ce ta yi ba. Yin shiru a ƙofar gida daban, danna abu da babban yatsanka daban. Yatsan ya ƙi sauka, hawaye suka riga shi.

"Ni ce," ta ce. "Maman Ifunanya, ni ce. Mutane nake ba wa. Tun farko ni ce."

Da Chinelo ta tashi magana ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Dambu? A kan dambu? Da kin tambaye ni, I for tell you, da na ce ki ba su, mu san yadda za mu rubuta. Amma kin tsaya kina kallo na sa sa'ar uwata ta zazzage jaka a titi. Ni kika mayar muguwa, Hamdiyya."

Ta karɓe wayarta, ta goge sunan, ta danna zaɓi na ƙarshe. Giɓin gaba ɗaya ya koma kan rabon Hamdiyya. Akanta ya sa hannu, bayanai suka shiga, takarda ta fito, shagon Abuja ya ce a fara kawowa. Saura wadda za ta soya.

Mataki na 9: Ki kai ban haƙurinki inda babu shaidu

Chinelo a ranar ta hau mota ta je Garam ta durƙusa. Hamdiyya sai da ta ɗauki lokaci tana tara ƙarfin hali, sannan ta sayi turmin atamfa ta bi hanya. Dabarar a nan mai kyau ce: ƙauye ne, ɗaki ne, daga ke sai ita. Ki yi kukanki a can, ki dawo da mutuncinki cif a Suleja.

Inna Yalwa ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi Muhsin da babansa. Hamdiyya ta kasa shan ruwan.

"Inna, ni ce nake kwashe robobin."

"Ina daka ina gani, Hajiya."

"To me ya hana ki faɗa ranar nan?"

"A gidanki nake cin abinci, ba zan tsaya a ƙofarki in kunyata ki ba. Na dube ki ne don ki faɗa da bakinki."

Hamdiyya ta tura atamfar gabanta tana kuka, tana roƙon ta yafe ta dawo. Dattijuwar ta turo ta baya da yatsa biyu, ba da faɗa ba.

"Na yafe, Allah ya yafe mana. Amma ki tafi da zanenki. Ba a Garam aka zazzage jakata ba. Nan kowa ya san ni. Can ne ake cewa mutanen yanzu sai addu'a."

Mataki na 10: Kada ki yi abin da Hamdiyya ta yi

Har a nan akwai hanyar tsira. Ki nemi wata mai suya. Ki ce dattijuwa ta tsufa, ta koma hutu. Mutane suna da saurin mantuwa, musamman a kan sunan da ba nasu ba.

Hamdiyya ta watsar da duk tarbiyyar da na ba ta. Ta jira bayan la'asar, mata sun cika ƙofar gida, ta fito ta tsaya ba ta nemi wurin zama ba.

"Ina da magana. Inna Yalwa ba ta taɓa ɗaukar ko tsinke ba. Dambun da ya ɓace, wanda nake ba ku ne. Ba nawa ba ne ni kaɗai, rabi na Maman Ifunanya ne, kuma ban taɓa tambayarta ba. Ranar da aka buɗe jakar Inna na sani, na yi shiru."

Wata ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Wata ta tuna ta bar ruwa a wuta. Wata tsohuwa daga gefe ta ce a kai mata gaisuwa wajen Yalwa, a ce ta yafe mata abin da ta faɗa a zuci. Hajiya Mansura kuwa ta numfasa, ta yi salati, ta ce lallai wannan abu bai yi daɗi ba. Sannan ta matso ta rage murya.

"To yanzu, Maman Muhsin, an daina ke nan gaba ɗaya?"

Togaciya

Mai wannan jagora ba akanta ba ce, ba ta da kamfani, kuma ba ta ɗauki alhakin komai ba. Ba ruwanta in kin bi matakan nan rabonki na shekara ya tafi a cikin mutanen unguwa. Ba ruwanta in masu yi miki sallama sun ragu, ko matar mai gida ta fara tuna cewa kuɗin haya ya daɗe bai motsa ba. Ba ruwanta in abokiyar jarinki ta koma gaishe ki a tsaye, sai a hankali take sake zama a bakin gadonki.

Haka kuma ba ruwanta in dattijuwar ta dawo aiki, tana daka kamar da, tana suya kamar da, tana yi wa ɗanki wasa kamar da, amma kullum kafin ta fita sai ta tsaya a gabanki ta buɗe jakarta da kanta ta nuna miki ciki, ba tare da kowa ya ce ta buɗe ba. Kin roƙe ta ta daina, ta ce ai ba komai, Hajiya, gara a gani. Wannan babu manhajar da ke gyara shi. An tambayi Kayode.